Littafin da Ban Rubuta wa Yaya Sabo Ba

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Sabo mai gyaran rediyo, a daminar da kogi ya fasa jinga ya shigo mana har cikin ɗakuna a Haɗeja. Amai da gudawar da ta biyo bayan ruwan ita ce ajalinsa. Allah ya jiƙansa.

Gyaran rediyo ne abincinsa, amma abin da ransa ke so shi ne harhaɗa aisi, 'yan baƙaƙen nan masu ƙafafu da ke cikin kayan lantarki. A fadamarmu manoman alkama huɗu ne ke tarayya a injin ban-ruwa ɗaya, kullum ana rigima kan wanda ya wuce lokacinsa. Sai ya haɗa musu akwati mai aisi goma sha ɗaya, yana buɗe wa kowa ruwa ya rufe bisa ƙa'ida. Kowace waya a fili take, duk mai gyara zai iya bin ta da yatsa.

Daga baya ya samo wata aisi guda daga Kano, irin wadda ake rubuta wa umarni da kwamfuta. Ya cire sha ɗayan nan ya dasa ta. Akwatin ya daina zafi, ya daina tsayawa. Sai dai aikin duk ya koma cikinta, inda ido ba ya kaiwa.

Ya san haɗarin. Ya kawo mini sabon littafi ya ce, "Malam Isa, hannunka ya fi nawa kyau. Zan karanto maka umarnin ka rubuta, ko da ajaminka ne. Kwamfuta ba ta da amana."

Na ce, "Yaya, alƙalamin da ke rubuta aya ne zai rubuta wannan tarkace? Bari a gama girbi."

Girbi biyu ya wuce ban rubuta ba. Ruwa ya ci kwamfutar, shi kuma ƙasa ta rufe shi.

Da ranin da ya biyo bayan rasuwarsa aisin ta ƙone. An sayo sabuwa, amma fanko ce, babu wanda ya san abin da za a zuba mata. Rigima ta dawo, har aka fasa wa ɗaya daga cikin manoman, Alhaji Garba, kai da fartanya, alkamarsa ta bushe a tsaye. Mutane suka ce rowar ilimi ce ta sa Sabo ya tafi da sirrinsa kabari. A gaban 'ya'yansa ake faɗa. Ni ma ina ji, na yi shiru.

Yau fadamar ta cika da sola, matasa na zuba wa irin wannan aisi umarni kamar wasa. Da Yaya Sabo yana nan zai yi murna, na sani. Sannan zai tambaye su, a ina kuka ajiye kwafin umarnin na biyu?

Makon jiya na je wurin matarsa Hajara, na gaya mata komai. Ba ta ɗago daga tsintar shinkafar da take yi ba.

"Ni ba ni na zage shi ba, Malam. Je ka fadama ka faɗa."

Ranar Juma'a na je. Na tarar da su huɗun a gindin tsamiya, na faɗa a tsaye. Alhaji Garba ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Shekara bakwai ina saka sunan mamaci a bakina saboda kai." Ya miƙe ya saɓa babbar rigarsa. "Wuce gaba, ka nuna mini kabarinsa."