Ashar Ɗin da Na Koya wa Kwamfuta

Ranar wata Talata, sati biyu bayan Babbar Sallah, shekarar da nake aji biyu na sakandare a Daura, Malam Nasiru ya tada janareta ya jera mu bibbiyu a gaban kwamfutoci shidan da makarantarmu ta mallaka. Ɗakin nan sai an tuɓe takalmi a ƙofa ake shigarsa, wadda kuma ta ci awara lokacin tara sai ta nuna wa Malam tafin hannunta. Abokiyar zamana Rabi ce. Tare muke ɗebo ruwa a famfon unguwa, mu yi carafke a zauren gidanmu har a kira magariba. Mahaifiyarta tana sayar da shinkafa da wake a tashar motocin Mai'adua, ni kuwa babana ne limamin unguwa. Duk ajinmu babu mai saurin yatsun Rabi. Har kwali ta samu ta zana haruffa da gawayi, tana bugawa a gida yayin da take jiran wake ya nuna.

Duk kalmar Hausa da muka rubuta sai kwamfutar ta ja mata jan layi. Malam ya nuna mana yadda ake shigar da kalma cikin ƙamus ɗinta, yana cewa, "Baƙuwa ce, ku koya mata sunayenku." Muka koya mata sunayenmu, Rabi da Asma'u, da Daura da fura. A ranar nan Rabi ta fita shan ruwa, ni kuma rawar kai ta sa na gwada kwamfutar da wani ashar da na ji direba ya lailayo wa yaron motarsa, irin wanda yake taɓa uwa. Jan layi ya fito ɓaro-ɓaro, ga Malam ya nufo layinmu. Cikin firgita na danna abin da hannuna ya saba dannawa, layin ya ɓace, sannan na goge kalmar. A wautata na ɗauka magana ta mutu.

Bayan wata guda aka yi taron iyaye. Malam, cike da alfahari, ya buɗe ƙamus ɗin kwamfutarmu don ya nuna musu Hausar da yara suka koya wa injin Bature. Wani dattijo ya gyara tabarau yana karantawa a fili, ana dariya, sai ya iso kan ashar ɗin, ya hau salati. Shugabar makaranta ta dube ni, ta dubi Rabi, ta ce, "Ai mun san inda ake jin irin wannan." Ko tambayata ba a yi ba. Wa zai zargi 'yar liman ga 'yar mai abincin tasha a zaune?

Washegari aka yi wa Rabi bulala a gaban 'yan makaranta duka, aka haramta mata ɗakin kwamfuta. Mahaifiyarta ta zo da warin hayaƙi a mayafinta, ta durƙusa a ofis tana rantsuwa cewa 'yarta ko kare ba ta zagi. Ina tsaye a layi, na ji tsoron fuskar babana fiye da tsoron Allah, na yi gum. Rabi ba ta ƙara biyo mini da safe ba. Ranar darasin kwamfuta takan zauna ƙarƙashin dalbejiya da kwalinta a cinya. Da muka gama aji uku ba ta dawo ba, ta koma taya mahaifiyarta aiki.

Yau takardu nake bugawa a wani ofis a Katsina, kuma wayoyin 'ya'yana har suna da wurin toshe munanan kalmomi. Ni a zamanina ba a toshe komai ba sai bakina. Bara na sauka a tashar, na iske Rabi ta gaji tukwanen mahaifiyarta. Na sayi shinkafa da wake, na zauna a benci na faɗa mata gaskiya ina kuka. Ba ta daina zuba abinci ba, ta ce, "Na sani, Asma'u. Mu biyu ne kaɗai a kujerar nan. Na yi ta jira ki ɗaga hannu." Ta ƙara mini mai da yaji, ta ce ta yafe tuntuni, ta juya wajen wani mai saye.

Na yarda ta yafe. Amma aikin da nake ci da shi yau, nata ne.