Baƙin Man da Auta Ya Zuba

Ranar Talata ce, kuma babu abin da ya bambanta ta da sauran ranaku. Gari bai gama wayewa ba Auta ya fito tsakar gida da tsumma a kafaɗa, ya ɗaga bonet ɗin motarsa. Mahaifiyarsa tana kicin tana jiran ruwa ya tafasa, ta taga take hango shi. Ya zaro siririn ƙarfen da ake gwada baƙin mai da shi, ya goge, ya mayar, ya sake zarowa ya ɗaga sama yana kallo. Sai ya laƙato kaɗan a yatsa ya murza, ya kai hanci. Ta ce masa in yunwa yake ji ga shayi nan ya shigo, ba sai ya lashi man mota ba. Ya ce ita da ta ƙare ƙuruciyarta tana leƙen jinin mutane a ɗakin gwaje-gwajen asibiti ai ba ta da bakin yi masa dariya.

Wajen ƙarfe bakwai ya fita. Sana'arsa ke nan, ya bi gida-gida ya kwashi yara ya kai su makaranta, in an tashi ya dawo da su. Da hantsi ya shigo da motar ba kowa a ciki, ya ce yau ranar juye ce, wato zai zubar da tsohon mai ya zuba sabo. Ya shimfiɗa kwali ya shige ƙarƙashin motar tun injin yana da ɗumi, don a cewarsa mai ba ya fita tas in ya huce. Ita kuma ta jawo kujera inuwa ta zauna riƙe da mazurari, muƙamin da ya naɗa ta tun da ta yi ritaya. Ƙafafunsa kawai take gani, da su take hira. Ya ba ta labarin wata yarinya da ta yi masa amai a kujerar baya sannan ta ce tuƙinsa ne ba kyau. Da ya fito ya ɗaura sabuwar filta, ya ɓalle murfin galan, ya zuba man a hankali kamar mai auna magani.

Rana ta take suka ci abinci tare, ya koma ɗauko yara. Da la'asar ya dawo yana cewa kansa na sara masa. Ta ba shi maganin ciwon kai, ya kwanta a doguwar kujerar falo da takalmi a ƙafa. Can da yamma ta je tashinsa, ya buɗe ido ya amsa, amma maganar ba ta fita daidai. A motar maƙwabci aka kai shi asibiti. Likita ya ce jijiya ce ta fashe a ƙwaƙwalwarsa, kuma ita ta fahimci abin da hakan ke nufi tun kafin ya gama bayani. Washegari da safe ya cika. Shekarunsa talatin da huɗu.

Su biyu ta haifa, shi da yayarsa da ke aure a wani gari mai nisa. Mahaifinsu ya rasu Auta yana sakandare. Ya yi karatu daidai gwargwado, ya taɓa aikin ofis na ɗan lokaci, ya ce zama wuri ɗaya yana sa shi barci, ya tattara abin da ya tara ya sayi tsohuwar mota mai dogon baya. Bai yi aure ba tukuna. Kullum in ta tayar da maganar sai ya ce ta bari ya fara sauya tayoyi.

A ƙofar makaranta, inda direbobi ke jiran a tashi, Likita suke ce masa, don tsokana. Yawancinsu sun tafi a kan cewa tsohon inji sai mai mai kauri, irin wanda in ka zuba sai ka jira shi. Shi kuwa ya ce kamfanin da ya ƙera injin ya faɗi kaurin da yake so, kuma bai ga dalilin da zai sa ya fi kamfanin sanin cikin abinsa ba. Ba ya sayen man da ake aunawa daga durom a bakin titi, sai galan mai hatimi, shi ma sai ya juya shi ya duba gindi ko an taɓa huda shi. Abin da ya fi ba su dariya shi ne yawan juyensa. Su sai mai ya yi baƙi ƙirin, ko sun ci dogon zango, sannan su tuna. Shi ko motar ba ta yi tafiyar kirki ba, in watanninsa sun cika sai ya juye. Wani tsohon direba ya taɓa ce masa, “Kai Likita, motar nan da ba ta wuce unguwa uku, me ta ci har kake mata wankin ciki?” Ya ce ai abin da ya sa ke nan. Motar da ke tsayawa a kowace ƙofa, a kashe a kunna, injinta ba ya yin zafin da zai ƙone damshin da ke taruwa a ciki, man ta ya fi na mai doguwar hanya saurin gajiya. Suka ce to Allah ya ba maras lafiya sauƙi.

Bayan rasuwar, gida ya cika ya kuma watse. 'Yarta ta zauna da ita makonni, daga baya dole ta koma ga mijinta da yaranta da aikinta. Tana kira kullum da yamma, ta tambaye ta ko ta ci abinci, ita kuma ta ce ta ci. Gidan da ma ba babba ba ne, amma sai ya yi mata faɗi. Abin da ta fi ji shi ne safiya, lokacin da ba a ɗaga bonet, ba a buga ƙofar mota.

Ba ta iya tuƙi ba, amma ta iya murɗa makulli. Wata safiya ta ɗauko shi daga ƙusar da yake rataye, ta shiga ta zauna a mazaunin direba, ta kunna. Injin ya tashi nan take, ƙararsa ta cika tsakar gidan. Ta zauna hannuwanta a cinya har na ɗan lokaci, sannan ta kashe ta je ta haɗa shayi. Daga ranar abin ya zame mata jiki. Ba ta faɗa wa 'yarta ba.

An ɗauki watanni a haka, har damina ta shigo ta fita. Sai ga bakaniken da Auta yake kai wa manyan gyare-gyare ya zo gaishe ta. Abokinsa ne tun suna yara, Umma yake ce mata kamar yadda Auta yake faɗa. Da ya ji tana kunna motar kullum sai ya nemi izini ya duba. Ya kwance murfin da ake zuba mai, ya juya shi, ga wani farin kumfa mai danƙo ya manne a ciki. Ya yi ta kame-kame kafin ya ce damshi ne ya haɗu da man, kunnawar nan ta 'yan mintoci ba ta barin injin ya yi zafi, kuma man kansa ya wuce lokacinsa ko da motar ba ta taka ko'ina ba. In ba a juye ba, a hankali zai ci ƙarafan ciki.

“Na sani,” in ji ta. “Auta ne ya zuba shi.”

Bakanike ya mayar da murfin ya ɗaure, ya sauke bonet a hankali. Ya tambaye ta lafiyar yayar Auta da yaranta, ya yi sallama ya tafi.

Ta gwada barin motar ta huta. Kwanaki ta yi ba ta taɓa makullin ba, sai ta ga tana kaiwa hantsi a kwance ba ta da dalilin tashi. Ta koma kunnawa, amma yanzu tana zaune a ciki tana sane da cewa kowace kunnawa ɓarna ce. Duk abin da ya rage na aikin hannunsa a gidan, wanda ba a wanke ba, ba a share ba, ba a kawar ba, shi ne man nan da ke cikin injin. Kuma shi ne yake kashe motar da ya yi shekaru yana tattali.

Wata safiya da ta kunna sai ta ji wani ɗan ƙas-ƙas daga saman injin, wanda ba ta taɓa ji ba. Bai daɗe ba ya ɓace. Ta kashe motar, ta shiga ɗaki ta kira bakanike.

Ya zo da galan a hannu. Ta sa tabarau ta karanta lambar da ke jiki, ta ce masa wannan ya yi kauri, ba shi Auta yake zubawa ba. Ya ce, “Umma, motar ta tsufa fa.” Ta ce ta san shekarunta, ya dai je ya canzo. Ya yi murmushi ya hau babur ɗinsa, ya dawo da irin wanda ta faɗa.

Tana tsaye ya kwance ƙusar da ke toshe mafitar mai a ƙasan injin. Man ya zubo cikin kwano, ruwan ƙasa-ƙasa, ya tsinke, ba kamar yadda ya shiga ba. Ta tsaya har ya koma ɗiga, har ɗigar ta tsaya. Ya tambaye ta ko ya zuba mata tsohon a galan ta ajiye. Ta ce ya tafi da shi inda suke tara irinsa. Kafin ya tafi ya gaya mata gaskiya cewa sabon mai kaɗai ba zai wadatar ba, mota tana son hanya, in za a ci gaba da ajiye ta a nan, baɗi ma haka za su sake tsayawa.

A makon ta yi magana da 'yarta, suka yanke shawara. Ɗan ƙanenta, wanda kamfaninsu ya rage ma'aikata ya daɗe a zaune, shi aka ba motar, iyayen wasu daga cikin yaran kuma suka yarda su mayar masa da jigilar. Ranar da ya zo ɗauka, ya shiga ya ga ƙafarsa ba ta kai ba, ya sa hannu ƙasa ya jawo kujerar gaba. Ta ji ƙarar kujerar daga inda take tsaye. Ya ce, “Gwaggo, zan riƙa leƙowa.” Ta ce ya yi tuƙi a hankali, yaran mutane ne.

Sauran kayan Auta ba su da yawa. Akwatin sifanu da jak ta ba bakanike. Tufafinsa masu kyau 'yarta ta zo ta raba wa dangi, ta ɗauki agogonsa za ta ajiye wa babban ɗanta. Katifa da fanka aka kai wa maƙwabcin da ya kai su asibiti, don ɗansa na shirin kama ɗaki. Wayar Auta ta goge abin da ke ciki ta ba mai yi mata wanki. Ɗakinsa kuwa ta sa aka share, ta rufe tagoginsa saboda ƙura, ta bar ƙofar a buɗe.