Garken Baffa Juli na Cikin Gilashi

Duk wanda ya san marigayi Baffa Juli ya san ba a gaisawa da shi a rabu haka nan. Kana miƙa hannu, sai ya kai ɗaya hannun ga hancinka. In ya ji shi a bushe, sai ya girgiza kai: "Kaɗo, ba ka da lahiya." Ka rantse garau kake, ya ce ita ma saniya da tana magana haka za ta ce.

Makiyayi ne na dajin Bunguɗu. Farin nan na shekarun saba'in ya kwashe masa garke kaf, yana ji yana gani. Ya shigo Gusau ya kama gadi a gidan wani malamin makaranta Ba'indiye. Da malamin zai koma ƙasarsu, ya bar masa akwatin gilashi cike da ruwa, da wasu jajayen kifaye da ba su wuce yatsa ba, da ɗan injin da ke hura musu kumfa. Baffa ya kinkimo gilashin zuwa Tudun Wada, ya raɗa wa kowane kifi sunan saniyarsa da ta mutu. Injin kuwa can ya baro shi. Gidansa ba lantarki, amma ba wannan ne dalilinsa ba.

"Mugun abu! Kullum shina tafasa musu ruwa."

Ba a jima ba ya sallamo mini a gigice. Ni ne ɗan bokon unguwa, don na taɓa zama a elementare har aka koya mana cewa Landan akwai sanyi. Na tarar da kifayen sun taru a saman ruwa, baki buɗe, suna haki, kunnuwansu na ɗagawa suna faɗuwa.

"Malam Boko, duba min. Na taɓa hancin kowa, duk a jiƙe. To mi ad damuwarsu?"

Na gyara hula, na zagaye gilashin, na yi gyaran murya. Na ce a ilimance, wannan ƙishirwa ce.

"Ƙishirwa? Cikin ruwa?"

Na ce ai ba a shan ruwan wanka. Ya ce wallahi boko da gaskiya. Ya kawo ruwa a ƙoƙo ya ajiye musu gefen gilashin. Ba wanda ya fito.

Matarsa Inna Hajo ta ce mura ce, kowa ya kwana a ruwa ai sai ya yi mura. Aka lulluɓe gilashin da bargo, aka matso da kaskon wuta. Da aka yaye, ɗaya ta juya ciki sama. Baffa ya ce dama tun tana saniya ba ta da ƙwari.

Sai ya ce an gama da shawarar Kaɗo da ta mata, yanzu za a yi na gado. Dabba in ta yi laushi kanwa ake ba ta. Ya barbaɗa musu. Kai, jama'a! Kafin la'asar saura biyu, Wule da Saige. Ya ce to ciwon huhu ne, maganinsa lalas. Har ya sa ƙarfe a wuta, Inna Hajo ta riƙe masa riga.

"Baffa, magani za ka yi ko gashi? In gashi ne in kawo yaji."

Dariya ta ƙare da na ga ya daina cin tuwo. Yana zaune gaban gilashin, biyun nan na haki, shi ma kamar yana taya su. Can ya miƙe.

"In wuri ya ƙi dabba, ba magani ake nema ba. Tashi ake yi."

Ya ɗebo sabon ruwan rijiya a bokiti, ya zuba su, muka hau akori-kura zuwa Bunguɗu, zai sake su a gulbi. Hanya gargada, ruwa na ta tambal-tambal, rabi a rigata. Muna isa bakin gulbi muka leƙa. Wule da Saige sun nutsa ƙasa suna tsere, ba haki ba alamarsa!

"Ka gani? Zama ne ciwonsu. Wa ya taɓa ɗaure garke a ɗaki?"

Ya fasa sakin. Tun daga ranar, kowace safiya sai ya sake musu ruwa, ya aza bokitin a ka, sanda a kafaɗa, ya kai su kiwo bayan gari ya dawo. Mutane na "Baffa, ya garke?" yana "Sun ƙoshi." Daga baya wani malamin dabbobi ya ce iska ce ta ƙare musu a ruwan, girgizar bokitin ce ke mayar da ita. Baffa ya ce in iska suke so, mi ya hana su zama tsuntsaye? Ni dai har yau ban san wa zan gaskata ba.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi, na je dubiya. Ya nuna bokitin da haɓa.

"Kaɗo, wanga karon ban bari sun mutu ina kallo ba. Gobe kai za ka kai su."

Na kuwa kai su, da furfurata, gari na yi mini dariya.

Allah Ya jiƙan Baffa Juli. Ya tausaya wa abin da ba ya iya cewa wayyo, Allah Ka tausaya masa, Ka shayar da shi ruwan Alkausara. Amin.