Igiyar Gwangwani

Kubura ba ta kallon fim, sai na 'yar tsanar nan ta Japan. Mace mai shekara talatin da huɗu, mai haɗa magani a wani asibiti a unguwar Edgbaston ta Birmingham, amma duk Asabar tana laburaren unguwa tana aron faifan katun kamar mai 'ya'ya biyar. Clara mai laburaren ta ɗauka na yara ne, ita kuwa ba ta gyara mata ba.

Abin da ya kama ta yarinyar fim ɗin ce: 'yar ƙauye mai hular kaba, tana gadin gonar shinkafa, abokinta na can ɗaya gefen, ba mai iya faɗa wa wani abin da ke ransa. Haka Kubura da Ashafa suka tashi a fadamar Yelwa. An ɗaura igiya mai gwangwanaye tsakanin rumfarsa da tata don korar tsuntsaye. Ya ja sau ɗaya, ta ja sau biyu. Hirarsu ke nan.

Da karatu ya kawo su Ingila, shi Manchester ita Birmingham, sai waya ta zama igiyar. Duk Juma'a bayan masallaci ya yi mata filashin, ta mayar da biyu. Shekara shida. Jirgin ƙasa awa ɗaya da rabi ne, amma kunya ta fi shi tsawo. Tana son sa, kuma kaɗaici na cin ta a ɗakinta na unguwar Ladywood, sai dai tana jiran ya fara.

A shekarar da aka yi ta rage ma'aikata, aka rufe laburaren. Clara ta miƙa mata faifan ƙarshe ta ce ta riƙe.

Wata Juma'a wayar ta yi ƙara, ba ta tsinke ba. Ta yi ta ruri har ta gaji, ta sake, ta sake. Kubura na zaune tana murmushi, wai yau Ashafa ya ja igiya da ƙarfi. Ta jira wayar ta yi shiru, ta mayar da biyunta.

Juma'a ta zagayo, shiru. Ta sa faifan, ta ga yarinyar ta cire takalmi ta ratsa ruwan gonar zuwa ɗaya rumfar. Washegari ta hau jirgin ƙasa zuwa Manchester.

A gidan da Ashafa ke zama a unguwar Withington, wani abokin zamansa, Falalu, ya buɗe ƙofa.

"Ai contract ɗin aikinsa ya ƙare, visa ma haka. Ya koma gida ran Lahadi. Ke ce Kubura?"

Ta ce ita ce.

"Sau uku ya kira ki a gabana. Ya ce in kin ɗauka akwai maganar da zai yi. Da ya ga filashin ɗinki sai ya ce to, ya ji amsa."

Faifan na nan kan talabijin ɗinta. Ba ta ƙara sa shi ba. Amma yanzu ko masu tallar inshora ne suka kira, kafin ƙara ta biyu ta ɗauka.