Ranar da Gwaggo Ta Taya Dutse

A shekarata ta biyu a Landan ina zaune wajen Gwaggo, ƙanwar mahaifina, a hawa na tara na wani dogon bene a Thamesmead. Daga tagar ɗakina ba a hangen komai sai siminti da wani tafki mai ruwan toka. A bakin tagar nan sha'awar hawa dutsen Kilimanjaro ta kama ni, ni da ko dutsen Dala sau ɗaya na taɓa hawa, ina 'yar firamare, ina haki. Hoto na gani, ƙanƙara a ƙolin dutse, gajimare can ƙasa kamar audugar da aka shanya. Na so in tsaya a wurin da ake leƙen gajimare daga sama.

Wata goma sha huɗu na yi ina tara kuɗi daga aikin Asabar da Lahadi a wani kantin magani. Baba ya yarda ta waya, amma da sharaɗi: kada in ba kowa ko sisi sai Gwaggo ta ga mutumin da idonta. Wannan ya kawar da duk kamfanonin da na samo a intanet.

"Wanda ba shi da shago, in ya gudu ina za ki same shi?" in ji Gwaggo.

Wata mata a masallaci ta kwatanta mana wani Alhaji a Deptford, mutumin zangon Kumasi, mai aika kaya gida da sayar da tikiti. Aka ce yana haɗa matafiya da wasu masu jagora a Tanzaniya. Ofishinsa wani lungu ne a bayan shagon doya da manja, tebur ɗaya, kujeru biyu, akwatuna har rufi. Tun daga ƙofa zuciyata ba ta kwanta ba. Babu hoton dutse ko ɗaya a bango, sai kalandar bara.

Amma takardar da ya miƙo mini tsaf take. Kwana takwas a kan dutse, kuɗin shiga gandun daji, mai jagora, mai dafa abinci, masu ɗaukar kaya, tanti, tukunyar iskar numfashi, da ɗan tantin bayi na ni kaɗai. Fam dubu biyu da ɗari uku, ban da jirgi, ban da inshora, ban da ihsanin da ake yi wa ma'aikata ranar saukowa. Na lissafa a raina, abin da na tara zai isa da kyar.

Gwaggo ba ta ko kalli takardar ba. Shekara ashirin tana aikin jinya a asibiti, amma a Kantin Kwari aka raine ta, a shagon atamfar kakanmu. Ta gyara mayafi.

"Alhaji, ka faɗi na gaskiya. Yarinya ce 'yar makaranta."

"Hajiya, na gaskiyan ke nan."

"Dubu ɗaya da ɗari biyu."

Ya yi dariya har hularsa ta karkace. "Albarka. Hajiya, ka taɓa ganin dutsen nan kuwa?" Haka yake magana irin ta mutanen zango, mace da namiji duk *ka* ne a wurinsa.

"Ina ruwana da ganinsa? Kai ka gina shi? Da ƙafarta za ta hau fa, ba goya ta za ku yi ba."

Sun fi rabin sa'a. Ta ambaci matar da ta turo mu, ya ambaci tsadar haya. Ta miƙe ta ɗauki jaka, ta ce mini in tashi mu tafi. Sai da muka kai wajen buhunan gari ya kira mu. Ya dube ni, ya dubi kwamfutarsa, ya yi 'yan taɓe-taɓe, ya ce ya sallama a dubu ɗaya da ɗari shida. Ya buga sabuwar takarda, ya ninke ta huɗu, ya sa a ambulan. Aka tsayar za mu kawo rabin kuɗin ranar Asabar.

A bas Gwaggo sai murmushi take. "Kin gani? Da ke kaɗai ce, da kin zube masa kuɗin kina godiya." Kafin mu sauka har ta kira Baba ta ba shi labari.

Ni kuwa ninkin takardar nan ne ya tsaya mini a rai. Ta farko a buɗe ya ba ni ita. Kuma fam ɗari bakwai ba kuɗin da ɗan kasuwa ke yafewa don an ambaci wata mata a masallaci ba ne. Ko dai da can cuta ya yi niyya, ko yanzu yake yin ta.

Bayan la'asar na shimfiɗa takardun biyu a kan gado. Rubutu iri ɗaya, layi iri ɗaya. Sai da na bi da yatsa na ga inda takwas ta koma biyar. Masu ɗaukar kaya sun ragu da biyu. Tukunyar iska ta ɓace, tantin bayi ma haka. Na riga na karanta isasshe na san amfanin kwanakin nan uku. Ba don hutu aka sa su ba. A hankali jiki ke sabawa da ƙarancin iska, wanda aka yi wa gaggawa kuwa ciwon kai da amai ne ke fara kama shi, wani sai an sauko da shi a ɗauke.

Ranar Laraba, bayan lacca, na koma ni kaɗai. Na ajiye takardun a gabansa.

"To, ka dawo," ya ce, bai ko yi mamaki ba. "Zauna, 'yata."

"Alhaji, me ya sa ba ka faɗa ba?"

"Ga shi a rubuce."

"A ninke."

Ya sosa gemu. Ya ce kuɗin gandun daji gwamnatin can ce ta yanka, kowace kwana da nata, ba a tayawa. Albashin ma'aikata ma haka. Nasa rabon bai kai abin da Hajiya ta nemi a rage ba. "Babba ta zo da 'yarta, ta miƙe za ta fita. In ce mata ba ta san abin da take saye ba? A gabanka? Kuɗi ta ce a rage, ni kuma kwana kawai nake da shi na ragewa. Na san kai mai karatu ne, za ka duba."

"In da ban duba ba fa?"

Ya kalli akwatunan da ke bayana. "Ana hawa a kwana biyar. Mutane suna yi."

Ban gamsu ba. Na ce ya kira mini mai jagoran, ina son in ga fuskarsa. Ya kira shi ta bidiyo. Wani siririn dattijo ya bayyana a tsakar gida, tantuna a shanye a igiya bayansa. Da Turanci na tambaye shi zancen kwana biyar ɗin. Ya ce an aiko masa cewa baƙuwar ce ta zaɓi kwana biyar, shi ya ɗauka na saba hawan duwatsu. Da na ce masa bene nake hawa, shi ma in na'urar ɗagawa ta lalace, bai yi dariya ba. Ya ce in dai haka ne, kwana takwas ko in bari.

A hanyar gida abin da ya dame ni ba Alhaji ba ne. Gwaggo ta riga ta yi wa Baba da rabin dangi albishir. Na yi tunanin in biya cikon a ɓoye, amma sharaɗin Baba shi ne ta ga komai. Na same ta a kicin tana gyaran alayyafo, na karanta mata takardun biyu layi bayan layi. Wuƙar ta tsaya a hannunta.

"Shi ya ce miki kwana biyar ba su isa ba?"

"Mai jagoran ne."

"Ai bakinsu ɗaya." Ta ci gaba da yanka. Can ta ce, "Sake karanta mini wajen iskar." Na sake. Ta san tukunyar nan fiye da ni, shekara ashirin tana tura ta tsakanin gadaje. Ta zuba alayyafon a miya, muka ci abinci.

Ranar Asabar ta riga ni shiryawa. Da muka shiga lungun Alhaji ya miƙe yana jero gaisuwa, ta amsa ɗaya ta bar sauran.

"Alhaji, na taya turmi, ka yanke mini yadi biyu ka ninke."

"Hajiya, ai ban—"

"Mayar da takwas ɗin. Da iskar, da bayin, da mutanen da ka cire. Ka buga a gabana, yarinya ta karanta da ƙarfi."

Ya buga, na karanta, fam dubu biyu da ɗari uku ba ragin ko sisi. Ta hana ni ba shi tsabar kuɗi, ta ce in biya da kati, ya rubuta rasit da sunan mai jagoran da lambarsa. Sannan ta jingina da kujera.

"Saura gyara."

"Hajiya, dutse ne fa."

"Na sani. Gyara."

Ya shiga bayan akwatuna ya daɗe, ya fito da sandunan tafiya biyu da jakar barci da wani matafiyi ya bari, ya ce aro ne. Gwaggo ta shinshina jakar ta ce sai an wanke.

Da muka zauna da ita muka haɗa jirgi da inshora da takalma da ihsanin ma'aikata, sai ga shi lissafina na farko ya yi gajere da kusan fam ɗari huɗu. Dole na ɗaga tafiyar daga Yuli zuwa Janairu, na ƙara ranar Juma'a a kantin magani. Gwaggo ce ta kira Baba da kanta, ta ce masa farashi ya canja, ba ta yi bayani ba, shi ma bai nema ba.

Har yau ban san ko da Alhaji zai bar ni in tafi a kwana biyar ba. Sati biyu kafin tafiya na rubuta wa mai jagoran kai tsaye na tambaye shi kwana nawa aka biya masa. Ya amsa cewa takwas. Gwaggo ta ce in sa ya turo hoton takardar biyan.