Tafiyar awa guda da ƙanenmu ya kasa yi

Damina takwas ke nan da muka binne Yaya Hansai a Unguwar Gai. Ita ce babbarmu, ita ta riƙe mu bayan rasuwar mahaifiyarmu, ni da autanmu Nasiru, wanda yanzu ba a kiransa sai da Alhaji, don ya zama babban mutum a Abuja.

Yaya ba ta taɓa shiga jirgi ba. Amma ta san tsakanin filin jirgin Abuja da na Kano bai wuce tafiyar awa guda ba, saboda Nasiru ya faɗa mata har ta haddace. Abin yana ba ta mamaki: wai kafin motar haya ta cika a tashar Kibiya, shi ya tashi ya sauka.

Da ciwo ya kwantar da ita, na kira shi na kara mata wayar a kunne.

"Yaya, ai kusa ne," in ji shi. "Ko gobe sai ki gan ni."

Ta yarda. Ta sa aka share ɗakin baƙi, ta hana a yanka zabuwar da ta ware masa. Duk motar da ta tsaya a bakin hanya sai ta ɗaga kai. Gero ya yi kai, ya nuna, aka girbe, mutumin bai zo ba. Kullum da uzurinsa: aiki ya yi yawa, an ɗaga tashin jirgi, ana taro. Sai ranar sadakar uku ya iso da farin gilashi da mai ɗaukar hoto, yana ƙorafin ramukan hanyar Rano.

Da za ta leƙo yau, me za ta gani? Za ta ga yana sauka Kano kusan duk wata, ɗaurin auren 'ya'yan manya, ya ci, ya yi hoto, ya koma da yamma. Za ta ga duk shekara yana saka hotonta a waya, yana rubuta cewa ita ce komai nasa, jama'a suna yi masa ta'aziyya. Ko inda kabarinta yake ba zai iya nunawa ba. Na san ta, uzuri za ta nema masa. Ni kam na daina.

Ba ta bar gida ko gona ba, hali ta bari. Bara aka yi wa Nasiru aiki a asibiti, abokan ɗaurin aure suka aika gaisuwa ta waya. Binta 'yar Yaya ce ta ƙulla kuka da daddawa a leda, za ta wuni a mota ta je jinya. Na ce ta zauna, bai cancanta ba.

"Kawu," ta ce, "da Inna tana nan, da ta riga ni fita."

Gaskiya ta faɗa. Na raka ta tasha, na dawo gida abina.