Ban Tsallake Gwaji Ba a Hanyar Maradun

Mun tashi da asuba daga Talata Mafara, mu uku: ni, direba, da babban ɗalibin da malaminmu ya haɗa ni da shi. Kwamfuta tana kan cinyata, a cikinta akwai manhajar da na rubuta don tsara wa manoman rani layin ban ruwa.

A Bakura mun karya da ƙosai mai zafi. Albasa kuwa arha har ta ba ni tausayi. Bayan doguwar gaisuwa da manoman wurin, wani dattijo ya leƙa allon ya ce, "Ɗana, mu daga Juma'a zuwa Juma'a muka ƙirga layi, ba da kwanan wata ba." Nan take na gyara.

Sai dai duk gyara yana bukatar a sake gwaje-gwajen da manhajar ke yi wa kanta. Kowane gwaji yana zuba manoman ƙarya a rumbun bayanai, in ya gama sai a rushe rumbun a sake gina shi. Sharar nan kaɗai tana cin kusan awa, batirina kuma ba zai kai ba. Ga manoman Maradun suna jira, ga direba ya rantse ba zai kai la'asar a hanyar ba.

Babban namu ya ce mini, "Malam, tsallake gwajin nan. Wa zai sani?"

Ni da ko a aji ba na ɗaga hannu, na ce, "Yaya, ba zan tsallake ba. Ruwan mutane ne."

Ya yi tsaki. Muka koma ta Mafara muka ɗauki hanyar Maradun, ramuka suna cire mini yatsu daga madannai. Na daina rushe rumbun. Na sa kowane gwaji ya yi rubutunsa ba tare da an adana shi dindindin ba, da ya ƙare a janye abin da ya rubuta kawai. Kafin mu wuce gonakin shinkafar Bakolori an gama duka, cikin 'yan mintuna.

Gwaji guda ɗaya ya faɗi. Gyaran Juma'ar ya jefar da gonar ƙarshe, wadda ke wutsiyar magudana: mai ita ba zai taɓa samun layi ba. Na juya wa babban namu allon, sannan na gyara.

A Maradun aka karanta layin, sunan kowa ya fito, aka ba mu fura.

Mun iso gida rana da sauranta. Abin da na koya: in gwaji ya yi nauyi, a rage masa nauyin, ba a jefar da shi ba. Kuma ashe muryata tana fita.